Ranar Da Uwar Saurayina Ta Zo Duba Makarantarmu

Wadda ta turo mini saƙo tana cewa girman kai ne zai hana ni aure, 'yar'uwa na gani, na gode. Ba ke kika fara faɗa ba, Gwaggona ta riga ki da shekara goma. Ku dai gyara zama ku ji abin da ya same ni makon jiya, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarina, ni malama ce. Ina koyar da ilimin halittu a sakandaren 'yan mata ta gwamnati, makarantar da ni ma na yi tun muna ɗaukar benci a ka daga wannan aji zuwa wancan. Na je jami'a, na gama, na roƙa da bakina a mayar da ni can. A gida Lauya ake kirana, wai don ban taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Mai nemana kuwa Injiniya ne, mutum mai sanyin hali, shekararmu ɗaya da rabi tare. Abu ɗaya ya rage, manyansa su zo gidanmu. Su kuma manyan ba sa motsi sai mahaifiyarsa ta gyaɗa kai.

Ranar Lahadi da yamma ina guga a falo saƙonsa ya shigo.

"Lauyata, akwai 'yar magana. Kada ki tayar da hankalinki."

Na jingine dutsen guga. "Ina jinka."

"Mama za ta zo makarantarku ranar Laraba. 'Yar yayata ta gama firamare, ana nema mata sakandare. Ni na ce a duba taku."

"To madalla. Ina abin tashin hankalin?"

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, ina kallon ɗigogin nan suna rawa. Can ya turo: "Ta ce makarantar da ba za ta iya kai jikarta ba, ba ta ga dalilin ɗauko wa ɗanta mata daga cikinta ba. Wasa take yi. Ina jin."

Mamansa tsohuwar nas ce. Shekara talatin da biyar ta yi a asibiti, ta ajiye aiki tana shugabar ma'aikatan jinya. Sau ɗaya muka taɓa waya, minti biyu, ta ce in riƙa shan ruwa don ta ji muryata a bushe. Irin wannan matar ba ta wasa.

Kuskurena shi ne na karanta saƙon a fili. Gwaggo, yayar Babanmu, wadda ta zo mana kwana bakwai shekara huɗu da suka wuce, tana kishingiɗe a doguwar kujera tana yankan farce. Sai ta tashi zaune.

"Mun shiga uku! Ban faɗa ba? Ban ce ki nemi aiki a makarantar kuɗi mai fanka da motar ɗaukar yara ba? Yanzu surukar arziki za ta je inda awaki ke shiga layi da safe!"

"Gwaggo, akuya ɗaya ce, kuma ta maigadi ce."

"Kin ji ko?" ta ce da Umma. "Har ta san mai akuyar."

Umma ta dube ni da idon nan nata mai sa mutum jin ya yi laifi tun kafin ya yi. "Lauya, don Allah, wannan karon ki bar bakinki a gida."

Ban san Gwaggo da Shugabar makarantarmu tela ɗaya ke yi musu ɗinki ba sai ranar Litinin. Ina shiga ƙofa aka ce Shugaba tana kira. Na same ta a ofis, ƙarƙashin kofunan gasar da aka ciyo tun kafin a haife ni, tana murmushi. Shekarata huɗu a wurin ban taɓa ganin haƙoranta na ƙasa ba sai ranar.

"Malama, ashe babbar baƙuwa za mu yi ba ki faɗa ba? Gwaggonki ta ce matar ta san mutane har a ma'aikata. Za mu buɗe Ajin Baƙi. Ke za ki koyar."

Bari in gaya muku mene ne Ajin Baƙi. Wani ɗaki ne kusa da ofis, mai fenti, mai fanka, mai benci ashirin kowanne da ƙafafunsa huɗu cif. Akwai ƙwarangwal na roba a kusurwa da madubin hangen ƙwayoyin cuta a cikin leda. Duk shekara a kulle yake. Idan masu duba makarantu za su zo, sai a tsinto gwanaye daga kowane aji, a haɗa arba'in a zuba a ciki. Ragowar ɗaruruwan a tura su ginin baya, a ce wadda ta yi tari ta kuka da kanta. Tambayoyin a rubuce suke da lamba, kowace yarinya da tata amsar. Shekara huɗu ina ƙin taka ɗakin. Na ce da Shugaba wannan karon ma ba da ni ba.

Da na koma gida bayan la'asar, Umma ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado. Ba ta ambaci aure ba. Mayafaina da na riga na ninke ta ɗauko tana warwarewa tana sake ninkewa, ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai na biyar ta ce, "Ban taɓa roƙonki komai ba."

Kullum sai ta roƙe ni abu. Amma muryarta ta yi rawa, ni kuma ba dutse ba ce. Na ce to.

Ranar Talata Shugaba da kanta ta yi wa yaran atisaye, da rula a hannu.

"Ke lamba uku, amsarki ƙoda. Da lamba biyu ta zauna aka yi tambaya, ki miƙe ki faɗa. Lamba huɗu, ƙwaƙwalwa. Kada wadda ta tsaya tunani, tunani ne ke kawo kuskure. Bayan kowace amsa, tafi uku. Mu ji!"

Raf, raf, raf. Sau goma sha biyu aka maimaita. Ina tsaye da katin tambayoyi kamar wadda aka ba ajiyar kayan sata.

Safiyar Laraba Gwaggo ta kama ni kafin in kai ga rigata ta aiki. Ta zura mini doguwar rigarta ruwan ƙwai mai duwatsu a wuya, ta yafa mini wani mayafi mai santsi da ba ya zama a kan kowa, ta goga mini jan baki, ta fesa mini turare har na yi atishawa. Sannan ta fito da takalmi mai tsini. Na ce ya yi mini kaɗan. Ta ce ƙafata ce ta yi yawa. Ina ratsa filin makaranta ina ɗingishi na ji wata yarinya tana raɗa wa 'yar'uwarta, "Wayyo, Malama ta yi aure ba ta gayyace mu ba."

Ƙarfe goma daidai tasi ta tsaya a ƙofa. Ni na zata wata doguwa ce mai gwala-gwalai. Sai ga wata 'yar ƙaramar mata cikin riga ruwan toka, takalmi shafaffe, tabarau rataye da igiya a wuya, ƙaramin littafi da biro a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, takalmin ya kusa kayar da ni. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Haka kuke zuwa aiki?"

Shugaba ta yi caraf. "Ai malamanmu akwai tsabta, ranki ya daɗe."

Aka kai ta Ajin Baƙi. Yara arba'in suka miƙe suka gaishe ta da murya ɗaya. Ta shafa yatsa a bakin taga ta duba. Ta shaƙi iska. Ta kalli allon da bai taɓa shan alli ba, baƙi wuluk yana sheƙi. Sannan ta zauna a kujerar da aka ɗora wa matashi, ta buɗe littafinta.

Na fara. "Wace gaɓa ce take harba jini zuwa sassan jiki?"

Lamba ɗaya ta miƙe. "Zuciya, Malama!" Raf, raf, raf.

"Ƙasusuwa nawa ne a jikin babban mutum?"

"Ɗari biyu da shida, Malama!" Raf, raf, raf.

Shugaba tana gyaɗa kai kamar ita ta ƙirƙiro ƙasusuwan. A daidai nan mayafin Gwaggo ya zame, na kai hannu in tare, takalmin ya ciji ɗan yatsana, zufa ta shiga idona. Da na mayar da ido kan katin, sai na tsallake layi ɗaya ban sani ba.

"Da wace gaɓa mutum yake tunani?"

Lamba uku ta miƙe tsaye, ƙirji a gaba. Yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a makarantar ke nan.

"Da ƙoda, Malama!"

Raf, raf, raf.

Jama'a, na ji fankar sama tana ƙirga mini kwanakina. Maimakon in yi shiru, sai shaiɗan ya ce in gyara, in koma tambayar da na tsallake.

"To... wace gaɓa ce take tace jini ta fitar da fitsari?"

Lamba huɗu ba ta ɓata lokaci ba. "Ƙwaƙwalwa, Malama!"

Raf, raf... na ukun mutum biyu kawai suka yi.

Maman Injiniya ta zare tabarau ta bar shi ya faɗo kan ƙirjinta. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "Shekara talatin da biyar ina mamakin wasu likitocin da na yi aiki da su. Yau na gane matsalarsu."

Shugaba ta yi wata dariya da ba ta da dangi. Ni ba ita nake kallo ba, lamba uku nake kallo. Ta toshe baki da hannu biyu, hawaye yana bin yatsunta. Yarinyar nan ko ido a rufe za ta zana miki ƙoda ta sa wa kowane lungu suna. Mu muka ce kada ta yi tunani, ta yi mana biyayya, muka mayar da ita abin dariya a gaban baƙuwa.

Na sunkuya na cire takalman Gwaggo na riƙe a hannu. A raina na ce, Injiniya, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

"Mama, wannan ba aji ba ne. Yaran nan sun san amsa, haddar layi muka sa su. Idan makaranta kika zo gani, taso in kai ki."

"Malama!" in ji Shugaba. "Rana ta yi zafi, baƙuwa za ta sha lemo..."

"Na sha ruwa a gida," in ji Mama. Ta miƙe.

Na wuce gaba ba takalmi, rigar duwatsu tana jan ƙasa. Muka bi ta bayan ofis, muka wuce akuyar maigadi, wadda ta zaɓi ranar ta kwanta a bakin ɗakin karatu. Na tura ƙofar ajina na gaskiya. Yara saba'in da takwas, huɗu huɗu a benci, wasu a kan bulo, sun yi tsit har da masu riƙe numfashi. A bango akwai zanen zuciya da hanji da suka yi a bayan kwali. A kan teburina akwai huhun da muka haɗa da robar ruwa da balan-balan biyu. Mama ta ja ledar da muka ɗaure a gindin robar, balan-balan suka kumbura. Ta sake, suka motse. Ta ƙara ja.

Daga nan ta fara tambaya, kamar mai karɓar aiki daga nas ɗin da ta makara.

"Banɗaki nawa?"

"Shida. Huɗu ke aiki."

"Ruwa?"

"Famfo yana zuwa har azahar. Bayan nan sai tanki, idan an tuna an cika."

"Malaman lissafi?"

"Biyu, ga manyan azuzuwa duka. Ɗaya ba ya fashi ko yana zazzaɓi. Ɗayan kuma sai mu ce Allah ya shirya."

"Na ga hotunan yara tara a allon bakin ƙofa, an ce sun ci jarrabawa da kyau. Su tara suka zauna?"

"Ɗari biyu da arba'in suka zauna bara. Casa'in da shida suka ci darussa biyar har da lissafi da Turanci. Shekara uku baya hamsin da ɗaya ne."

"Ragowar fa?"

"Wasu sun sake zama. Goma sha ɗaya ina kiransu a waya. Sauran ban san inda suke ba."

Shugaba tana bakin ƙofa tana fifita da takardar tambayoyi. Mama ta rubuta, ta ɗago. "Ke da bakinki, wace irin yarinya makarantar nan ta dace da ita?"

Tunda an riga an jiƙa, ban ga amfanin gudun ruwa ba. "Wadda za ta ɗaga hannu ko ba a kalle ta ba, kuma a gidansu akwai mai buɗe littafinta da yamma. Idan jikarki sai an lallashe ta take magana, cikin mutum tamanin ɓacewa za ta yi, kada ki kawo ta. Idan kin kawo ta, ba mai fita ƙofar can kafin a tashi, maigadinmu ko ni bai bari sai da takarda. Za ta sha zafi, za ta bi layin banɗaki, za ta koyi kare bironta. Amma za a koya mata karatu. Ni nan aka koya mini, kuma a jami'a ban zauna bayan kowa ba."

Mama ta juya. Ta ratsa tsakanin bencuna har bango na ƙarshe, inda wata yarinya da muke kira Shiru take zama. Tun farkon zango ban ji ta haɗa jimla biyu ba. Mama ta ɗauki littafinta ta buɗe shafi shafi, tana bin jan birona da yatsa, tana duba kwanan wata. Sannan ta rufe.

"'Yata, idan ƙanwarki ta yanke da wuƙa jini yana zuba, ba kowa a gida, me za ki yi?"

Shiru ta yi abin da aka san ta da shi. Na ƙirga har goma sha biyar a zuciya. Na fara tunanin yadda zan goge hotunan Injiniya daga wayata.

"In danne wurin da tsumma mai tsabta," ta ce ƙasa-ƙasa. "In ɗaga hannun sama."

"Ba za ki zuba toka ba?"

"A'a. Malama ta ce duk wadda ta zuba toka, kada ta gaya wa kowa ita ta koyar da ita."

Ajin ya fashe da dariyar da aka danne tun safe. Mama ba ta yi ba. Ta rubuta wani abu, ta dubi ƙafafuna ta ce, "Ki sa takalmi, akwai ƙusa a filin nan." Ta bi ta banɗakuna ita kaɗai, ta fito, ta tare tasi ta tafi.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Gwaggo tana tsakar falo hannu a ƙugu.

"Ga ta nan, sarauniyar gaskiya! An ce har banɗaki kika ƙirga mata! Ke wa ya aike ki? Mutane suna rufa wa kansu asiri, ke kina yawo da fitila. Kuma ki ba ni takalmina, tunda a hannu kika ga ya dace a sa shi."

Umma kuwa abinci kawai ta ajiye mini ta rufe, abin da ya fi zagin ciwo. Alhamis Shugaba ba ta amsa gaisuwata ba. Na shiga aji na koyar da narkewar abinci kamar ba abin da ke cina. A gida Gwaggo ta koma yi mini habaici tana magana da kyanwar gidanmu. "Ke ma dai ki yi hankali, kada ki yi boko ki rasa mai ɗauka." Na shanye. Kuka sau ɗaya na yi, a banɗaki, famfo a buɗe, kuma ko yanzu aka tambaye ni zan ce sabulu ne.

Injiniya kuwa saƙo yake turowa kamar mai ba da rahoton mara lafiya.

"Ba ta ce komai ba."

"Har yanzu ba ta ce komai ba."

Da yammar Alhamis ya turo: "Yanzu ta tambaye ni aikin ƙoda. Na ce narkar da abinci. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce Allah ya jiƙan Babanmu da ya kai ni makarantar kuɗi. Me ya faru ne a wurinku?"

Juma'a da hantsi ba ni da darasi, ina gida, baƙuwar lamba ta kira. Ina jin sallamar na gane muryar. Gwaggo ta yi tsalle daga kujera kamar yarinya, tana yi mini alama in buɗe lasifika. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Malama," in ji Mama, "banɗakunanku abin kunya ne. Zan faɗa a taron iyaye, don daga sabon zango ni ma ina da 'ya a can."

Umma ta dafa bango.

"Ba gininku ne ya burge ni ba. A asibiti ban taɓa duba gadon bakin ƙofa ba, na ƙurya nake zuwa. Na buɗe littafin yarinyar ƙurya na ga ana duba shi duk mako. Ya ishe ni. Jikata baki gare ta kamar rediyo, ba za ta ɓace ba."

"Na gode, Mama."

"Maganar ɗana kuma."

Gwaggo ta kama hannuna ta matse har zobenta ya shige mini.

"Kawunnansa za su zo duk ranar da gidanku suka sa. Amma kada ki bari a sa tukuna. Kin nuna mini naki ba ɓoye-ɓoye, ni ma ba zan cuce ki ba. Wanda kike gani yana zuwa muku da guga da turare, ni ke fama da shi kafin ya fito. Gobe Asabar ki zo gidana ƙarfe tara na safe, ke da wata babba, kada ki gaya masa. Ki ga ɗakinsa. Ki ga yadda yake tashi daga barci. Ki ji yadda yake yi wa ƙannensa magana idan shayi ya huce. In kin gani kin ce kina so, na ba ki shi duniya da lahira."

Gwaggo ta manta waya a buɗe take. "Ki ce kina so! Ki faɗa yanzu! Wace mace ce ta taɓa leƙa ɗakin namiji da safe kuma ta aure shi?"

"Wace ce wannan?" in ji Mama.

"Gwaggona ce, Mama. Mai takalmin."

"To ki taho da ita."

Umma ta toshe baki da bayan hannu, kafaɗunta suna rawa, ludayi yana ɗiga a kan tabarma. Ni kuwa na gyara tsayuwa na ce, "Mama, idan tara yake tashi, takwas da rabi za mu zo."